Almakashin da ke aiki a cikin ruwa: yadda feriyodet ke raba kabon da kabon

Ka taɓa tambayar kanka dalilin da ya sa leda ke shafe shekaru a bola ba ta ruɓe ba? Amsar tana cikin ƙashin bayanta. Leda dogon sarƙa ce ta ƙwayoyin zarra na kabon, kowanne riƙe da na kusa da shi, kuma wannan riƙo na kabon da kabon yana cikin masu ƙarfi a duniyar sinadarai. Ruwan sama ba ya kwance shi, ruwan zafi ma haka. In kana son tsinka shi, yawanci sai ka haɗa da wuta.

To amma akwai wani gishiri fari, sunansa sodiyom feriyodet (NaIO₄), wanda in ka narkar da shi a ruwan sanyi zai tsinka wannan riƙo cikin 'yan mintuna ko 'yan sa'o'i, ba wuta ba hayaƙi. Sai dai ba ko'ina yake yanka ba: wurin da aka fi sanin sa da yankawa shi ne inda kabon biyu maƙwabtan juna kowanne ke ɗauke da rukunin OH, wato oksijin ɗaya da haidirojin ɗaya. Sinadarin da ke da irin wannan tsari shi ake kira dayol na maƙwabta, wasu kuma su ce gilaikol.

A wannan rubutu za mu duba abu biyu tare da kai. Na farko, wace hanya yankan ke bi, mataki bayan mataki? Na biyu, me ke sa ya yi sauri ko ya yi nawa? Tambayoyin kamar na ɗakin gwaji kawai, amma za ka ga amsarsu ta kai har asibiti, ta kai har allurar rigakafin sanƙarau da aka yi wa miliyoyin mutane a Nijar da arewacin Nijeriya.

Abin da ke shiga da abin da ke fita

Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Léon Malaprade, shi ya fara bayyana wannan sauyi a 1928. Bayan shekara uku, a 1931, Rudolf Criegee na Jamus ya nuna cewa wani sinadarin dalma shi ma yana irin wannan yanka. Bambancinsu mai muhimmanci ne: sinadarin dalmar yana lalacewa da zarar ya haɗu da ruwa, shi kuwa feriyodet a cikin ruwa yake aikinsa. Tunda sukari da sitaci da sauran sinadaran jikin halitta a ruwa suke zaune, feriyodet ne ya zama abin hannun masu binciken su.

Mu ɗauki dayol mafi sauƙi, etilin gilaikol, wanda ake zubawa a lagireton mota a ƙasashen sanyi don kada ruwan ya daskare. Kabon biyu ne kacal gare shi, kowanne da OH ɗinsa. Ga abin da ke faruwa:

HOCH₂–CH₂OH + IO₄⁻ → 2 HCHO + IO₃⁻ + H₂O

Wato an raba shi gida biyu, kowane rabi ya koma fomaldihaid, sinadarin nan da ke cikin ruwan fomalin da ake adana gawa da shi. Shi kuma aidin ɗin da ke tsakiyar feriyodet ya karɓi elektron biyu, matsayinsa ya sauko daga +7 zuwa +5, ya zama ayodet. Ka riƙe wannan ƙa'ida: duk yanka ɗaya, feriyodet ɗaya yake ci.

Wannan ƙa'ida ta mayar da feriyodet abin ƙirga. Gilisarin, wanda mata ke haɗawa a man shafawa, yana da kabon uku a jere, kowanne da OH. Gurbin yanka biyu kenan, don haka yana cin feriyodet biyu. Kabon na gefe da gefe su koma fomaldihaid, na tsakiya da aka yanka ta ɓangarori biyu ya koma asid ɗin fomik, irin wanda wasu tururuwa ke fesawa. In ka auna feriyodet nawa ya ƙare, fomaldihaid nawa ya fito, asid ɗin fomik nawa ya fito, ka iya zana tsarin sinadarin da ba ka taɓa gani da ido ba. Da irin wannan lissafi ne Jackson da Hudson a Amurka suka tantance girman zoben wasu nau'o'in sukari a 1937.

Kamun awartaki

Yanzu tambayar ita ce, yaya ake yi? Feriyodet bai da wuƙa. Ta yaya yake gane kabon biyun da zai raba?

Amsar da Criegee ya fara kawowa, wadda bincike ya ƙarfafa daga baya, ita ce aidin yana kama dayol da baki biyu, kamar yadda maƙeri ke kama ƙarfe da awartaki. Da farko oksijin ɗin OH guda ya manne da aidin. Sai na biyun ya lanƙwaso shi ma ya manne. An sami zobe kenan mai ƙwayoyin zarra biyar: aidin, oksijin, kabon, kabon, oksijin, sannan a dawo kan aidin. A wannan hali aidin yana kewaye da oksijin shida.

Wannan zobe ba mazauni ba ne. Aidin mai matsayin +7 mayunwacin elektron ne, kuma zoben ya ba shi hanyar jawo su. Sai elektron su zagaya zoben a tashi ɗaya: riƙon da ke tsakanin kabon biyun ya tsinke, kowane kabon ya ninka riƙonsa da oksijin ɗinsa, aidin kuma ya fice da ƙarin elektron biyu. An gama.

Ka ga kenan matakan biyu ne manya. Na farko haɗa zobe, kuma wannan mataki yana iya komawa baya, zoben ya kwance kowa ya kama gabansa. Na biyu fashewar zobe, wanda in ya faru babu dawowa.

Zance ne mai daɗin ji, amma ai ba wanda ya zauna ya kalli ƙwayar zarra tana lanƙwasa. Mene ne hujja? Hujjojin iri uku ne.

Hujja ta farko: siffa

In zancen zobe gaskiya ne, dole OH biyun su iya matsowa kusa da juna. Abin da gwaji ya nuna kenan. In kabon ɗaya ya shiga tsakaninsu, wato ba maƙwabta ba ne, feriyodet ba ya yanka. In an toshe ɗaya daga cikinsu, aka cire haidirojin aka sa wani rukuni a gurbinsa, nan ma aiki ya tsaya, domin awartaki mai baki ɗaya ba ya kama komai.

Akwai gwajin da ya fi wannan daɗi. Ka sami sinadarai biyu masu ƙwayoyin zarra iri ɗaya, adadi ɗaya, kowanne zoben kabon shida mai OH biyu a maƙwabtaka. A na farko OH biyun suna fuskantar gefe ɗaya na zoben, masana na ce masa sis. A na biyu ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, shi ne tirans. Feriyodet yana yanka na farko da sauri fiye da na biyu nesa ba kusa ba, domin a na biyun sai zoben kabon ya ɗan murɗe kafin bakin awartakin ya haɗu. Akwai kuma wani dayol da aka gina a kan zobba biyu manne da juna, na dangin dekalin, inda OH biyun suka juya wa juna baya gaba ɗaya kuma tsarin ya ƙame ba ya murɗuwa. Wannan feriyodet ba ya taɓa shi sam. Sinadari ɗaya, riƙo ɗaya, amma da yake ba hanyar haɗa zobe, ba yanka.

Hujja ta biyu: bin sawun oksijin

A 1960 Bunton da Shiner sun yi amfani da oksijin mai nauyi, wanda ake kira oksijin-18, a matsayin shaida, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa alama don ya gane ta a cikin garke. Suka yanka wani dayol mai suna finakol, wanda ke rabewa ya ba da asiton biyu. Sai suka tarar oksijin ɗin da ke jikin asiton na dayol ɗin ne tun asali. Ma'ana, riƙon kabon da oksijin bai taɓa kwancewa ba a duk tafiyar, daidai da abin da zancen zobe ya yi hasashe.

Hujja ta uku: agogo

Nan ne ilimin saurin sauyi ya shigo, kuma nan ne abin ya fi armashi. Masu bincike suna haɗa feriyodet kaɗan da dayol mai yawa, su riƙa auna ragowar feriyodet lokaci bayan lokaci. A da ta hanyar ɗiban samfur ana gwadawa da wasu sinadarai ake yi. Yanzu akan yi amfani da na'urar haske, domin feriyodet na shanye hasken da ido ba ya gani a wajajen nanomita 222, kuma yayin da yake ƙarewa shanyewar na raguwa.

Da a ce sauyin karo ɗaya ne kawai, dayol ya bugi feriyodet ya tsinke, to da duk lokacin da ka ninka dayol saurin zai ninka, har abada. Amma da Frederick Duke ya auna na etilin gilaikol a 1947, sannan Buist da Bunton suka faɗaɗa aikin a 1954, ba haka aka gani ba. In dayol kaɗan ne, ninka shi na ninka sauri. In ya yi yawa, sai saurin ya kai wani rufi ya tsaya, ko ka ƙara nawa.

Ka ɗauka masunci ya zuba fatsa ɗari a kogi, kowace fatsa kifi ɗaya za ta kama. In kifi ya yi ƙaranci, yawancin fatsun babu komai a kansu, kuma in kifin kogin ya ninka, kamun zai ninka. Amma in kogin ya cika maƙil, kowace fatsa ta riga ta kama nata. Ko ka ƙara kifi dubu, abin da ya rage shi ne saurin hannun masunci wajen janyewa. Fatsa ita ce feriyodet, kifi shi ne dayol, kamun shi ne haɗa zobe, janyewa kuma ita ce fashewar zoben.

A lissafi ana rubuta shi haka:

sauri = k × K[D] ÷ (1 + K[D]) × [P]

A nan [D] yawan dayol ne, [P] jimillar feriyodet, babban K yana nuna yadda zoben ke son haɗuwa, ƙaramin k kuma saurin fashewarsa. Kada alamomin su firgita ka. Ɓangaren K[D] ÷ (1 + K[D]) kason fatsun da suka kama kifi ne kawai. Mu gwada da lambobi na misali. In K[D] ya kasance 0.1, kason zai zama kusan 9 cikin 100. Ka ninka dayol ya koma 0.2, kason ya haura kusan 17 cikin 100, wato ya kusa ninkawa. Amma in K[D] ya kai 10, kason 91 ne cikin 100, kuma in ka ninka zuwa 20 sai ya zama 95 kacal. Ka zuba dayol ninki biyu, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Wannan rufi shi ne shaidar cewa akwai wani abu da ke taruwa a tsakiyar hanya. In ka taɓa karanta ilimin sinadaran jiki, za ka gane siffar lissafin, domin irin ta ce Michaelis da Menten suka fitar a 1913 game da yadda inzayim ke aiki. Bambancin dai shi ne inzayim yana gama aiki ya koma ya kama wani, shi kuwa feriyodet sau ɗaya yake yi ya ƙare.

Ba kowane dayol ne ke nuna wannan rufi ba fa. Finakol, wanda muka ambata, yana da rukunin metil huɗu cunkushe a kan kabon biyun, sun tare hanya. A wurinsa haɗa zoben ne ke da wuya, kuma da zarar ya haɗu sai ya fashe. Don haka ba abin da ke taruwa, saurin kuma yana bin yawan dayol da yawan feriyodet kai tsaye. Hanya ɗaya ce, amma inda cunkoson yake ya sauya. Wannan darasi ne da ya shafi duk wani sauyi mai matakai: matakin da ya fi nawa shi ke yanke saurin tafiyar duka.

Tsami da kanwa

Wani abin da ke juya saurin shi ne yanayin ruwan, ko yana ɓangaren tsami kamar ruwan lemun tsami, ko yana ɓangaren kanwa. Ma'aunin wannan shi ne pH: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa.

Dalili shi ne feriyodet ba fuska ɗaya gare shi a ruwa ba. A tsami mai ƙarfi yana zama H₅IO₆. In tsamin ya ragu sai ya saki haidirojin ɗaya ya zama mai caji ɗaya, a ruwan kanwa kuma ya saki na biyu. Zoben da ya haɗa da dayol shi ma haka yake sauya fuska. Abin da Buist da Bunton suka gano game da etilin gilaikol shi ne zoben mai caji ɗaya ne ke saurin fashewa, mai caji biyu kuwa zaunawa yake yi. Saboda haka a ruwan kanwa feriyodet na iya kama dayol ya riƙe gam, amma yankan ya yi ta jan ƙafa.

Shi ya sa masu aiki da sukari suka fi yin wannan gwaji a ruwa mai ɗan tsami ko wanda ya kusa tsaka-tsaki. Suna kuma yin sa a cikin sanyi da duhu, kwalba a naɗe, domin haske da zafi na sa feriyodet ya wuce gona da iri, ya fara cin wuraren da ba a aike shi ba. In lokaci ya cika, sai su zuba etilin gilaikol ya cinye ragowar, aiki ya tsaya cak.

Daga kwalbar gwaji zuwa asibiti

Abin da yankan ke bari a baya, wato rukunin aldihaid, abu ne mai son kama wasu sinadarai. Wannan hali ne aka mayar abin amfani.

A ɗakin binciken tsokar jiki akwai wani rini da ake kira PAS, wanda McManus ya bayyana a 1946. Ana yanko tsoka siririya a shimfiɗa a gilashi, a jiƙa ta da asid ɗin feriyodik. Duk inda sukari mai OH maƙwabta yake, sai ya tsage ya bar aldihaid. Daga nan a zuba ruwan Schiff, wanda ba shi da launi, amma da ya haɗu da aldihaid sai ya koma ja mai ruwan hoda. Da wannan likita ke ganin ma'ajiyar sukari a hanta, da siraran bangon matatar ƙoda, da ƙwayoyin naman gwari da suka ɓuya a tsoka.

Masu binciken ƙwayoyin gado su ma suna amfani da shi. Sukarin da ke ƙarshen sarƙar RNA yana da OH biyu maƙwabta, na DNA kuwa ɗaya ya rasa. Don haka feriyodet na yanka ƙarshen RNA ya bar DNA lafiya lau.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na sanƙarau. A annobar 1996 zuwa 1997, mutane sama da 250,000 suka kamu a yankin Afirka da ke kudu da Sahara, kimanin 25,000 suka rasu, kuma arewacin Nijeriya da Nijar na cikin inda abin ya fi tsanani. Ƙwayar cutar, nau'in da ake kira rukunin A, tana lulluɓe da rigar sukari. Tsohuwar allurar rigakafi wannan sukarin ne zalla, kuma tana da rauni biyu: ba ta aiki sosai a jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyu, kariyarta kuma ba ta daɗewa. Maganin matsalar shi ne a ɗaure sukarin a jikin wani furotin da garkuwar jiki ke saurin ganewa, ta yadda jiki zai riƙe shi a ƙwaƙwalwa.

To da wace igiya za a ɗaure? A hanyar da Che-Hung Lee da Carl Frasch suka samar a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ana taɓa sukarin da feriyodet don a buɗe 'yan wurare su zama aldihaid, sannan a haɗa su da furotin ɗin rigakafin tetanus da aka riga aka shirya masa maƙalai. Wani abin sha'awa, yawancin ɗiyan sarƙar wannan sukari suna da rukunin asetil da ya toshe ɗaya daga cikin OH biyun, don haka feriyodet ba ya samun kamu sai a tsirarun da ba su da toshiyar. Ka tuna awartaki mai baki ɗaya? Shi ne nan yake kare sarƙar.

A nan ne sanin sauri ya zama batun rai. In feriyodet ya yi kaɗan ko lokacin ya gaza, ba za a sami isassun wuraren ɗauri ba. In ya yi yawa, sarƙar za ta lalace har garkuwar jiki ta kasa gane rigar ƙwayar cutar ta gaskiya. Dole a san yawan da za a zuba, da yanayin ruwan, da sanyinsa, da lokacin da za a tsayar.

Allurar da ta fito daga wannan aiki ita ce MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa a kan farashin da bai kai rabin dala ba kowace ɗaya. An fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a watan Disamba na 2010, Nijeriya ta bi a 2011. Tun daga nan annobar rukunin A ta kusa ɓacewa a ƙasashen da aka yi allurar. Sauran rukunonin ƙwayar, irin su C da W da X, suna nan, shi ya sa har yanzu zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya abin garzayawa asibiti ne ba tare da jinkiri ba.

Abin da za ka tafi da shi

A jikin dayol, feriyodet na raba kabon da kabon ne kawai inda OH biyu ke maƙwabtaka kuma za su iya haɗuwa a kan aidin su yi zobe mai ƙwayoyi biyar. Siffar sinadari, da sawun oksijin mai nauyi, da rufin da sauri ke kaiwa, duk sun nuna wannan zobe. Wani lokaci haɗa zoben ne ke jan lokaci, wani lokaci fashewarsa, kuma tsami ko kanwar ruwa na iya karkata lamarin.

Malaprade da Criegee da Duke ba rigakafi suke nema ba. So suke su san me ke faruwa a cikin kwalba, da kuma minti nawa yake ɗauka. Shekaru da dama bayan haka, wasu suka ɗauki amsar suka ɗaure sukari da furotin da ita. In kana da tambaya a kan wani mataki, musamman lissafin saurin, aiko mana da ita, za mu warware ta a rubutu na gaba.